Kiɗa, Katanga da Haƙƙin Maƙwabci a Maraɗi

Ƙorafi a kan kiɗan maƙwabci, irin wanda ke hana mutum runtsawa a cikin ɗakinsa, bai daɗe ba a Maraɗi, ko da yake garin bai taɓa zama shiru ba. Tun da Ɗan Kasawa ya zauna a nan wajen 1819 tare da Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi, Maraɗi gari ne na sarauta da yaƙi, su kuwa waɗannan biyu ba sa tafiya sai da makaɗa. Haka ma Tibiri, wadda Gobirawa suka kafa a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi bayan yaƙin Gawakuke na 1836. A fada akwai tambari da kakaki da algaita. A cikin gari mahauta na da kalangunsu, manoma na da gangar noma ranar gayya, ƴan mata na da dandali idan wata ya yi haske. Ƴan bori kuma, waɗanda Iya ke shugabanta a Maraɗi, Inna a Tibiri, suna iya kwana ana goge da ƙwarya. Ga lugude tun da asuba, ga guɗa ranar buki, ga maƙera, ga masu tada mutane sahur da azumi.

Duk da haka wannan hayaniya tana da tsari. Kowane kiɗa yana da mai shi, yana da dalili, yana da lokaci. Tambari na sarki ne, ba a buga shi don nishaɗin wani, wanda ya ji shi ya san wani babban abu ya faru. Kiɗan buki yana zuwa da buki ya tafi da shi, kuma maƙwabcin da zai kwana bai yi barci ba an riga an kai masa goron gayyata, matarsa na cikin masu girki, gobe idan nasa ya zo shi ma haka za a jure masa. Unguwannin tsohon gari irin su Bagalam, Ƴandaka, Limanci da Mokoyo, zama ne na dangi da ƴan sana'a ɗaya, waɗanda iyayensu suka san juna. Sannan makaɗi mutum ne. Hannunsa na gajiya, muryarsa na dushewa, idan kari ya ƙare sai ya rataya gangarsa ya tafi gida. Idan akwai majinyaci a kusa, dattijo ɗaya ya isa ya ce a matsa gaba, a kuma matsa.

Malaman fikihun Malikiyya, mazhabar da ƙasar Hausa ke bi, sun daɗe da tattauna cutarwar maƙwabci, bisa ƙa'idar hana cuta da ramuwar cuta da ta zo a Muwaɗɗa. Wani magini na Tunis mai suna Ibn al-Rami, wanda ya rayu a ƙarni na 14, ya tara hukunce-hukuncen gini a littafi guda, har ya kawo yadda ake gwada ko dutsen niƙan wani yana girgiza bangon maƙwabcinsa: a rataya takarda a jikin rufin da ke kan bangon, a zuba mata busassun ƙwayoyi, a juya dutsen, in sun motsa an tabbatar da cuta. Abin lura shi ne malaman sun fi haɗuwa a kan abin da ke lalata bango, da hayaƙi da wari. Ƙara zalla kuwa sun saɓa a kanta, wasu ba su ɗauke ta cutar da za a hana mai sana'a sana'arsa saboda ita ba. Ba abin mamaki ba ne, domin mafi tsananin ƙarar da suka sani ita ce ta guduma da taɓarya.

Abin da ya fara sauya zaman shi ne ambaliyar 1945. Gulbin Maraɗi ya cika ya cinye tsohon garin da ke cikin fadama, sai Turawan Faransa suka mayar da mutane kan tudu, suka yanka filaye murabba'i da tituna miƙaƙƙu. Unguwannin sun hau tudu da sunayensu, amma garin da ya biyo baya ya fi ƙarfinsu. Cinikin gyaɗa ya jawo baƙi, daga baya kasuwancin kan iyaka da Najeriya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya ya haifar da alhazan da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. Fari na shekarun 1970 da na 1984 ya koro mutanen karkara. Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen 45,000 a Maraɗi, ta 2012 ta sami fiye da 267,000. Sabon Gari, Zariya, Ali Ɗan Sofo da sauran sababbin unguwanni suka cika da mutanen da ba dangi ba ne: ma'aikatan gwamnati da aka turo daga Yamai ko Damagaram, ɗalibai, direbobi, ƴan ci-rani.

Ga mai kuɗi, gidan haya ya zama wurin ajiyar dukiya, kuma siffarsa kusan ɗaya ce ko'ina: jerin ɗakuna ko ɗaki da falo, bango ɗaya tsakanin kowane biyu, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, wani lokaci mitar wuta ɗaya. A nan ne gini ya shiga maganar. Katangar ƙasa ta da, mai kauri, da rufin azara da aka danne da laka, suna shanye sauti. Bulon siminti kuwa mai rami ne a ciki, siriri ne, a gidaje da yawa kuma bangon tsakiya bai kai ga kwano ba, an bar tazara a sama, babu sili. Duk abin da aka faɗa a ɗaki na uku, na ɗaki na huɗu ya ji, har tarin yaro da ƙarar cokali. Sautin ƙasa mai duka a ƙirji, wanda manyan lasifikoki ke fitarwa, shi ne ya fi ratsa bango, musamman idan an jingina akwatin da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 1999 ta ce ƙarar da ke ɗakin barci da dare kada ta wuce desibel 30, wato kusan raɗa. Da bazara ma, a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, zancen bango bai taso ba, domin kowa tabarmarsa na tsakar gida.

Na'urar ta iso a hankali. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, wanda daga baya ya zama Muryar Sahel, shekara guda bayan BBC ta fara shirin Hausa. Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, ya sami masu saurare da yawa a Maraɗi. A farkon zamanin, rediyo abin taro ne. Mai ita yakan fito da ita ƙofar gida a zagaye ta, kuma ƙure murya kyauta ce ga maƙwabta, wanda ya rage ta ma shi ake yi wa kallon marowaci. Wannan ɗabi'a ba ta mutu ba, ita ce ta sa har yau mai kunna waƙa da ƙarfi sau da yawa bai san yana cutar da kowa ba. Rakoda mai kaset ta bazu a shekarun 1970 da 1980, ta shigo da Mamman Shata da Ɗan Ƙwairo da Ɗan Maraya Jos cikin ɗakunan mutane, tare da waƙoƙin fina-finan Indiya. A karon farko aka sami kiɗan da ba shi da buki, ba shi da makaɗi, ba ya gajiya. Abin da kawai ke tsayar da shi shi ne ƙarewar batir.

Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, gwamnati da kanta ta riƙe kiɗan unguwa ta hanyar ƙungiyar Samariya, da wasanninta na dare da gasanninta. Wannan ma yana da shugabanni da za a iya yi wa magana. A daidai lokacin ne wata murya ta taso daga kudu. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta sami karɓuwa a Maraɗi fiye da yawancin garuruwan Nijar, musamman tsakanin ƴan kasuwa matasa. Wa'azinta ya yi tir da bori da kiɗan buki da almubazzarancin aure, iyalai da dama suka koma walima. Makaɗan gargajiya sun rasa kasuwa, amma garin bai yi shiru ba, domin wa'azi da martanin wa'azi duk da lasifika ake yin su. Masallatai sun yawaita, kowanne da ƙahonsa a sama. Kiran salla ba wanda ke ƙorafi a kansa. Karatu da wa'azin da ke kaiwa tsakar dare kuwa mutane na jin nauyinsa, sai dai ba kowa ke iya buɗe baki ba, don kada a ce yana ƙin addini. Tarzomar Nuwamba 2000, lokacin da masu adawa da bikin nuna tufafi na FIMA suka afka wa mashaya da wasu gine-gine a Maraɗi, ta nuna yadda zancen nishaɗin dare ke iya ficewa daga hannun maƙwabta ya zama rikicin gari.

Daga shekarun 1990 abubuwa suka zo a jere. Gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani suka buɗe, fina-finan Kano da waƙoƙinsu suka cika gidajen kallo, samari marasa aiki suka kafa fada a bakin titi, da butar shayi da rakoda, ana hira har dare ya raba. Ƴan unguwa na da ra'ayi biyu game da fada: tana hana barci, amma ɓarawo ba ya shiga layin da samari ke zaune. Sai DJ ya gaje wurin makaɗi a buki, ana toshe titi da rumfa da kujeru, a jera lasifikoki masu tsayin mutum. Wayar hannu da katin memori da ƙananan lasifikokin China masu caji suka sa kowane saurayi ya iya mallakar abin da a da sai alhaji. Wutar Maraɗi daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kuma da aka yanke ta a Agusta 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, injin janareta ya zama wani sabon abin faɗa a gidajen haya, ga ƙara ga hayaƙi.

A Tibiri da Jiratawa lamarin bai kai haka ba. Tibiri, mai tazarar kilomita goma sha kaɗan daga Maraɗi, har yanzu gari ne da aka san asalin kowa, yaron da ya ƙure waƙa kuma an san gidan da za a kai ƙararsa. Jiratawa garin noman rani ne, tun da aka shimfiɗa filin ban ruwa na fiye da hekta 500 a farkon shekarun 1980, inda ake noman zogale da kayan lambu. Mai tashi da asuba ya tafi garka ba ya raba dare yana kiɗa. Abin da ya fi damun mutane a irin waɗannan garuruwa shi ne injin niƙa da aka kafa jikin katangar wani, da shagon cajin waya mai lasifika a ƙofa, sai kuma bukukuwan bayan girbi.

Hanyar magance rikicin ita ce ba ta sauya sosai ba. Bahaushe ya ce zo mu zauna, zo mu saɓa, don haka matakin farko haƙuri ne, na kwanaki ko na watanni. Idan abin ya ƙi, ba kasafai ake tunkarar mutum gaba da gaba ba. Akan aiki yaro ya ce, "Wai in ji Baba, don Allah a rage kaɗan, akwai marar lafiya," ko da kuwa babu marar lafiyar, domin uzurin yana ba mai kiɗan damar ragewa ba tare da ya ji kunya ba. Mata kan bi ta wajen matar gidan, a bakin famfo ko wurin wanki. Amsar da ke ɓata al'amari ita ce, "Ai a ɗakina nake, kuɗin hayata na biya." Daga nan sai a kai wa mai gidan haya ko wakilinsa, wanda maganarsa ke da nauyi tun da yana iya ba da wa'adin tashi. In ya gaza, sai limamin unguwa ko mai unguwa, daga can kuma fadar sarki. Dokar Nijar ta amince wa sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a irin waɗannan al'amura.

Dokar gwamnati ma tana nan. Hana barci da hayaniyar dare laifi ne tun a tsarin da aka gada daga Faransa, dokar tsabtar jama'a ta 2 ga Maris 1993 da dokar muhalli ta 29 ga Disamba 1998 duk sun taɓo ƙarar da ke cutar da maƙwabta, hukumar gari kuma ita ke da alhakin kwanciyar hankalin jama'a. Amma wanda ya kai maƙwabcinsa wurin ƴan sanda a kan waƙa, ko ya yi nasara, unguwa za ta riƙe shi da abin, gobe kuma shi da wanda ya kai ƙara za su haɗu a sahu ɗaya a masallaci. Saboda haka ɗan hayar da sulhu bai yi masa magani ba ya fi zaɓar ya nemi wani ɗakin.

Tsarin sulhun an gina shi ne don mutanen da ke jin kunyar juna, shi ya sa yake aiki a Tibiri da tsofaffin unguwanni, yake kuma rauni a gidan hayar da mazaunansa ke sauyawa kowace shekara. A irin wannan gida rabin laifin na magini ne da mai gida. Ƙarasa bangon tsakiya har ya taɓa rufi, da sa sili, da faɗa wa mai shiga haya tun ranar farko lokacin da ake kashe kiɗa, sun fi duk wani zaman sasantawa rage faɗa, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin ginin gidan.