Haƙƙin Mallakar Ƙwayoyin Halitta a Irin Shuka

Haƙƙin mallakar ƙirƙira takarda ce da hukuma ke bai wa wanda ya ƙago wani abu, wadda ke hana kowa sarrafa shi ko sayar da shi ba da izininsa ba, galibi har tsawon shekara 20. Taƙaddama kan tashi idan abin da aka mallaka ƙwayar halitta ce da aka dasa cikin iri, domin iri yana haifar kansa, kuma manomi a yankuna irin su Tafashiya, a ƙasar Kankiya, ya gaji al'adar ware iri daga amfanin bana don shukar baɗi.

A 2013 kotun ƙolin Amurka ta bai wa kamfanin Monsanto gaskiya a kan wani manomin waken suya mai suna Bowman, inda ta ce sake shuka irin da kamfanin ke da haƙƙin mallakarsa daidai yake da ƙera kayan kamfanin ba izini.

A Nijeriya dokar haƙƙin mallakar ƙirƙira ta 1970 ta hana ba da wannan haƙƙi a kan nau'in tsiro, sai dai dokar kare nau'o'in tsirrai ta 2021 ta bai wa masu ƙirƙiro iri wata kariya ta daban, abin da ƙungiyar HOMEF ta ƙalubalanta. Waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019 don maganin tsutsar da ke huda kwanson wake, yana ɗauke da ƙwayar halittar da Monsanto ya bayar ta hannun gidauniyar AATF ba tare da karɓar kuɗin mallaka ba.