Daga Littafi zuwa Majigi: Tarihin Mai da Labaran Hausa Fim

Tun ina ɗalibi na ke da sha'awar gwada littafi da fim ɗin da aka ciro daga cikinsa. Abin hutu ne kurum a gare ni, amma da na bi sawunsa sai na tarar akwai tarihi a ciki wanda ya kamata malamai su sani, gama yana dab da salwanta.

Dattawan Ɗandume da sauran garuruwan noma na wajen Funtuwa da Malumfashi ba su fara sanin fim da sunan fim ba, majigi su ke ce masa. Asalin kalmar kuwa sunan wata fitila ce ta Turawa mai jefa hoto a bango, Bahaushe ya tanƙwara ta ta bi harshensa. Mota ke zuwa da shi, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar lisha, mai bayani yana magana da Hausa. Wa'azin gwamnati ne galibi, kan tsabta da noma. Wanda ya fi suna shi ne Baban Larai, wanda aka ɗauka a Daudawa a shekarun 1950 don koya wa manoma gyaran auduga. Watau a wannan yanki fim ya riga littafin hira shiga gidaje da yawa.

Su littattafan hira sun samo asali daga gasar da Dokta Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. A cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Na ƙarshen nan shi ya fi doguwar tafiya. Mervyn Hiskett ya juya shi da Turanci a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Sa'an nan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu.

A nan ne mai nazarin harshe zai dakata. A littafin, Shaihu yana zaune cikin almajiransa yana ba da labarin kansa da bakinsa: yadda aka sace shi yana yaro, da yadda Balarabe Abdulkarim ya ƙetara hamada da shi, da yadda uwarsa ta faɗa bauta garin nemansa. Ƙarfin labarin yana ga wannan murya ɗaya ta dattijo, wanda ke jera masifu da "sai" da "sa'an nan" ba tare da ɗaga murya ba. Mai fim kuwa tilas ya rarraba zancen nan a bakunan mutane da yawa, ya ƙago musu gaisuwa da gardama waɗanda marubucin bai rubuta ba. Ribar ita ce ido ya ga ayari da raƙuma da rairayi, wanda bai iya boko ba ya sami rabonsa. Hasarar ita ce natsuwar muryar nan ta ragu. Duk malamin da zai koyar da su biyu, daga nan ya kamata ya fara.

Talabijin, wadda aka buɗe a Kaduna a 1962, ita ma ta ɗebi nata: an mai da Magana Jari Ce wasa mai zuwa kashi kashi, Ƙasimu Yero yana cikin 'yan wasan. Wannan bai yi wuya kamar na farko ba, don Imam ya riga ya yanka littafinsa labari labari, ya kuma cika shi da zance.

Da bidiyo ta zo, aka yi Turmin Danya a Kano a 1990, sai ƙofa ta buɗe wa marubutan soyayya. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mai da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim a 1994. Yankinmu ma ba a bar shi baya ba: an ɗauki Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa aka yi fim da shi, matan da suka karanta shi cikin kulle suka kalle shi a ɗakunansu.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Littafin Shaihu Umar bai taɓa barin hannun 'yan makaranta ba, amma fim ɗinsa ya ɓace shekara da shekaru, har aka fid da rai. Sai a 2016 aka tsinci faifansa a wata tsohuwar ma'ajiya ta Hukumar Fina-finai a Legas, Cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. In aikin da gwamnati ta kashe wa kuɗi ya yi wannan ɓata, ina ga kaset ɗin bidiyo, wanda zafi da ƙura ke ci?

Saboda haka ina roƙon malaman kwalejojin horo, musamman na Katsina ta kudu, su sa ɗalibansu su tattaro kaset da faifai daga tsofaffin shagunan haya, su rubuta sunan littafi da na fim da shekara, su kuma ɗauki maganar dattawan da suka ga majigi tun suna da rai. Da tsohuwar zuma a kan yi magani, amma sai in an adana ta.