Dukiyar Jawa da Makarantun Tarim: Nazari a kan Ƙungiyoyin Hadramawa a Ƙetare

Ƙasar Hadramaut, wadda take kudancin Yaman, wani dogon kwari ne a tsakanin duwatsu, mai ƙarancin ruwan sama, wanda dabinonsa da dawarsa ba su taɓa isar mutanensa ci ba. Saboda haka tun zamanin da, duk saurayin da ya tasa a Tarim ko Sai'un ko Shibam ya san cewa watarana zai gangara gaɓar teku, ya shiga jirgin ruwa a Mukalla ko Shihr, ya tafi neman abin da ƙasar ubansa ta gaza ba shi. Waɗansu suka nufi Haidarabad ta Indiya suka yi aikin soja, waɗansu suka sauka Zanzibar da Lamu, amma bayan da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, jiragen tururi suka yawaita, sai mafi yawansu suka fuskanci Singafo da tsibirin Jawa. Ƙidayar da Turawan Holan suka yi a 1930 ta sami Larabawa fiye da 70,000 a tsibiran da suke mulka, galibinsu kuwa Hadramawa ne.

Abin da nake so in tabbatar a wannan maƙala shi ne, ƙungiyar mutanen da ke zaune a ƙetare ba ta iya raya ƙasarta da yawan kuɗin da take aikawa kaɗai, kuma ba kowane abin da ta kira gadon iyaye ne yake haɗa kan 'ya'yanta ba. Tarihin Hadramawa hujja ne a kan duka biyun.

Mafi albarkar abin da dukiyar ƙetare ta kafa a wannan kwari, a ganina, shi ne Ribaɗin Tarim, wanda aka buɗe wajen 1305 na Hijira. Attajirai ne daga gidaje kaɗan suka haɗa kai, suka gina wurin kwana da karatu domin almajiran da ke zuwa daga nesa, sa'an nan, da yake sun san cewa kyautar rana ɗaya ba ta ciyar da ɗalibi shekara goma, sai suka yi wakafin gidaje a Singafo, aka riƙa karɓar kuɗin hayarsu ana aikowa. Sayyid Abdurrahman al-Mashhur, mai littafin fatawowin nan Bugyatul Mustarshidin, shi ya fara jagorancin karatu. Daga baya Sayyid Abdullahi ɗan Umar ash-Shaɗiri ya shafe kusan shekara hamsin yana karantarwa, har almajiransa suka bazu daga Habasha zuwa Malaya suna buɗe nasu makarantun. Mai shago a Singafo ya biya haya, almajiri a Tarim ya ci tuwo ya buɗe littafin fiƙihu, ba wanda ya san wani a cikinsu. Wannan ita ce sadaka mai gudana yadda malamai suka siffanta ta.

Ƙungiya irin ta zamani kuwa, mai shugaba da magatakarda da ma'aji da rubutacciyar doka, a Bataviya ta soma, wato Jakarta ta yau. A 1901 Hadramawan birnin suka kafa Jam'iyyatu Khair, hukumar Holan ta amince da ita a 1905. A lokacin nan Larabawa a tsare suke cikin unguwanni na musamman, ba su fita zuwa wani gari sai da takardar izini, 'ya'yansu kuma, waɗanda uwayensu matan Jawa ne, suna tasowa harshen Larabci na suɓuce musu. Jam'iyyar ta ɗauki nauyin miskinai da jana'iza, amma babban aikinta makaranta ce mai aji da benci, inda ake karanta lissafi da labarin ƙasa tare da Alƙur'ani da nahawu. Domin wannan makaranta ne aka aika Makka neman malamai, aka samo Shaihu Ahmad Surkati, mutumin yankin Dongola ta Sudan, ya iso a 1911.

A nan ne aka gane cewa abin da ake cewa al'adar gida ba abu ɗaya ba ne a wurin kowa. Jama'ar Hadramaut hawa-hawa ce: sharifai 'yan gidan Ba Alawi, zuriyar Ahmad ɗan Isa al-Muhajir wanda ya taso daga Basra a farkon ƙarni na huɗu na Hijira, su ne a sama, sai mashayikh, sai ƙabilu masu ɗaukar makami, sai talakawan birni da manoma. Sharifi ana sumbatar hannunsa, sharifiya kuma ba a aurar da ita ga wanda ba sharifi ba. To, a Jawa ɗan talaka ya yi arziki, ya gina masallaci, ya zuba kuɗinsa a jam'iyya daidai da kowa, sai ya fara tambaya ko me ya sa zai ci gaba da durƙusawa. A 1913, a garin Solo, aka tambayi Surkati hukuncin auren sharifiya da Musulmin da ba sharifi ba, ya ce halal ne. Rashid Rida ma ya riga ya faɗi haka a mujallar al-Manar tun 1905. Mu da muka tashi a kan mazhabar Imamu Malik, inda kufu a aure ya fi komawa ga addini da kuɓuta daga aibi, za mu ga kamar ƙaramar mas'ala ce. Amma su Shafi'awa ne, nasaba na cikin abin da fuƙaha'unsu ke lissafawa, kuma a ƙarƙashin mas'alar akwai batun wanda zai shugabanci wani. Surkati ya bar Jam'iyyatu Khair a 1914, shi da magoya bayansa, cikinsu har da Umar Manƙush, shugaban Larabawan Bataviya, suka kafa Jam'iyyatul Islahi wal Irshad. Shekara ashirin aka yi ana jifan juna da jaridu da ƙasidu, wani lokaci ma har da zubar da jini.

Sharifai suka mayar da martani da tasu ƙungiya, ar-Rabiɗatul Alawiyya, a ƙarshen shekarun 1920, suka buɗe gidan marayu a 1931, a 1932 kuma suka kafa al-Maktabud Da'imi, ofishin da aikinsa shi ne rubuta nasabar kowane ɗan Ba Alawi, uba bayan uba, da tantance ta. Ba na raina wannan aiki. Mutanen da suka warwatsu a tekuna uku suka iya riƙe sunayen kakanninsu na shekara dubu sun yi wa ilmin tarihi hidima babba, kuma littattafan nasabarsu cike suke da labarin wanda ya yi hijira, da inda ya sauka, da inda aka binne shi. Abin da nake inkari shi ne a mai da wannan rajista ma'aunin daraja tsakanin Musulmi da Musulmi. Domin da zarar an yi haka, gadon da aka ce ana tsarewa ya zama na wasu ban da wasu, kuma ƙarfin da ya kamata a haɗa a kai gida sai ya ƙare a husuma. An yi taron gyaran Hadramaut a Shihr a 1927, aka sake yi a Singafo a 1928, bai haifar da komai ba, saboda saɓanin nan da kuma ƙin yardar sarakunan gida.

Abin da taro ya kasa, sai gida ɗaya ya ɗauka. Iyalan al-Kaf sun tara dukiya mai yawa ta gidaje da filaye a Singafo, Sayyid Abubakar ɗan Shaikh al-Kaf kuwa ya zauna a gida yana kashe ta. Kafin aikinsa, wanda ya sayi mota sai an kwance ta gunduwa-gunduwa a bakin teku, a ɗaura wa raƙuma, a yi kwanaki ana hawan duwatsu, sa'an nan a sake haɗa ta a cikin kwari. Shi ya biya kuɗin hanyar mota daga Tarim zuwa Shihr, aka gama a 1937. A shekarar nan kuma ya tsaya da mutuncinsa da aljihunsa tare da Baturen Ingila Harold Ingrams, har aka shawo kan shugabannin ƙabilu fiye da dubu suka sa hannu a kan sulhun shekara uku, a ƙasar da manomi kan yi shekaru bai isa gonarsa ba don tsoron harbi. Wannan alheri ne wanda ba mai musunsa. Sai dai a daidai wannan zamani dukiyar ƙetare ta gina manyan gidajen ƙasa masu bene, shafaffu da farar ƙasa, masu ginshiƙai irin na Indiya da Turai, alhali rijiyoyi da madatsun ruwa na lalacewa, gonaki na komawa fako, domin shinkafar da aka sayo da kuɗin Jawa ta fi noma sauƙi.

Ranar biyan bashi ta zo a 1942, sa'ad da Japanawa suka mamaye Singafo da Jawa, kuɗin da ake jira ya yanke gaba ɗaya, fari kuma ya biyo baya. Yunwar 1943 da 1944 ta kashe dubban mutane, mafi yawa talakawan da ke cin abinci daga ƙwadagon gidajen masu 'yan'uwa a ƙetare, har sai da jiragen saman Ingila suka riƙa kawo hatsi. Bayan ƙarewar mamayar Japanawa ma al'amari bai koma yadda yake ba. Tun a 1934 Abdurrahman Baswedan ya tara samarin Hadramawa haifaffun Indunusiya a garin Semarang, sharifai da 'yan Irshad tare, suka shelanta cewa Indunusiya ce ƙasarsu. Dokar ƙayyade haya da aka yi a Singafo a 1947 ta daskarar da kuɗin da wakafai ke samarwa. Bayan fitar Ingila a 1967 kuma mulkin gurguzu ya kafu a Yaman ta Kudu, ya ƙwace gidajen attajirai, daga bisani ya rufe ribaɗin.

Yawancin gidajen nan yanzu sun tsattsage, wasu sun rushe, domin ginin ƙasa in ba a yi masa yaɓe ba ruwa ke cinye shi, magada kuwa suna Jidda ko Jakarta. Littattafan da iyalai suka yi wakafi an tattara su a ɗakin karatu na al-Ahƙaf a cikin Tarim, rubutun hannu dubbai. Ribaɗin an sake buɗe shi bayan haɗewar Yaman a 1990, sa'an nan Habib Umar ɗan Hafiz ya kafa Darul Musɗafa a cikin shekarun 1990, ɗaliban Indunusiya na cikin waɗanda suka fara zama a gabansa. Jam'iyyatu Khair da al-Irshad da Rabiɗa duk suna nan da ransu, amma makarantunsu da asibitocinsu a Indunusiya suke, kuma mafi yawan masu amfana da su ba su da kaka ko ɗaya a Hadramaut.