Tarihin Ƙwayar EBV da Dajin Maƙogwaro

A 1958 wani likitan tiyata, Denis Burkitt, ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a Uganda. Da ya bi sawunsa, sai ya ga ya fi yawa a ƙasashe masu zafi da damina mai ƙarfi, wato inda sauro ya yi gida. Wani mai bincike, Anthony Epstein, ya saurari laccarsa a Landan a 1961, ya roƙi a riƙa aiko masa da tsokar marasa lafiya. A 1964, shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar cutar da ake kira Epstein-Barr ko EBV, ta farko da aka danganta da daji a jikin ɗan Adam.

Nijeriya na da hannu a ciki. A Ibadan, a 1963, R. J. Pulvertaft ya raya ƙwayoyin jikin wani yaro mai wannan ciwo, kuma har yau ana bincike da su. A 1970 Harald zur Hausen ya sami EBV a dajin da ke fitowa bayan hanci, saman maƙogwaro. A 1985 aka tabbatar cewa ƙwayar gadonta mai suna LMP1 tana sa ƙwayoyin jiki su yi ta hayayyafa ba birki.

Sai dai samunta a tsokar maƙogwaro ba ya nufin daji. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na manya a duniya suna ɗauke da EBV. Yawu ne hanyarta, kuma a Afirka tun ana goye ake kamuwa: uwa ta tauna nama ta sa wa ɗanta a baki, ko yara su yi ta zagaya ludayi ɗaya a kwanon fura. Daga nan ta laɓe har ƙarshen rai, kuma cire belu wurin wanzami ba ya raba kowa da ita.

Abin da ke ba ta damar haddasa dajin muƙamuƙi a jikin yaro shi ne zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa. Shi ya sa maganar ta shafi fadamun Shinkafi da Zurmi da bakin gulbin Gagare a Ƙaura Namoda. Babu rigakafin EBV tukuna. Kumburin wuya da ya ƙi sacewa, ko toshewar hanci mai haɓo, sai an yanki tsoka an duba a manyan asibitocin Gusau, Sakkwato ko Shika.