Zanen Barth na Kano (1851) a matsayin shaidar tarihi

Ran 16 ga Fabrairu 1851 Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdul Karim, ya cika shekara 30. Ranar ta same shi a Kano, zamanin Sarki Usman, ga zazzaɓi ga bashi. Hanyarsa daga Agadas ta bi Damargu, Tasawa, Gazawa da Katsina, wato ta bar ƙasar Dakwaro ta yau daga yamma. Shi ya sa masu binciken wannan yanki ba sa samun zanensa da za su kafa hujja da shi.

Kano kuwa ta samu. Kwanaki kaɗan kafin nan ya hau dutsen Dala ya zana birnin: gidajen ƙasa, bukkoki, kududdufai da dabino. Ya ƙiyasta mazaunansa 30,000.

Sai dai a ganinmu akwai abin lura. Hoton da ɗalibanmu ke kwafowa daga littafinsa na 1857-1858 ba hannun Barth kaɗai ba ne. Bernatz, mai zane a Jamus, shi ya sake fitar da shi don ɗab'i, alhali bai taɓa taka Kano ba. Tsarin birnin muna iya dogara da shi. Mutane da itatuwan da ke gaban hoton kuwa, sai an gwada su da rubutun Barth kansa.