Sojan da Ya Je Yaƙi Ba Bindiga

Yau tarihin wani tsohon soja zan ba ku, Desmond Doss, Ba'amurke da ya rasu a 2006 yana da shekara 87.

Doss ya shiga soja a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, amma ya ce shi fa ba zai ɗauki bindiga ba. Kirista ne ɗan cocin Seventh-day Adventist, ya yi imani Allah ya hana kisan rai, don haka aikin jinya ya nema. Abokansa suka ɗauke shi matsoraci. In ya durƙusa addu'a, sai su riƙa jifansa da takalma. Har wasu manyansa suka nemi a sallame shi, wai yana da taɓin hankali.

A watan Mayun 1945, a tsibirin Okinawa na Japan, rundunarsa ta hau wani tsauni mai tsayin kusan ƙafa 400. Japanawa suka yi musu ruwan wuta, kowa ya nemi hanyar sauka. Doss ya tsaya a sama, yana jan masu rauni ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin dutsen, ya ɗaure su da igiya ya zura su ƙasa. Shi ya ce ba su wuce 50 ba, shugabanninsa suka ce 100, aka tsaya a kan 75.

Abin da ya fi taɓa ni ya faru bayan kamar mako biyu. Gurneti ya ji masa ciwo a ƙafafu, ya yi awa biyar a kwance kafin masu agaji su iso. Suna ɗauke da shi ya hangi wanda ya fi shi jin jiki, sai ya mirgino ƙasa, ya ce a fara ɗaukar wancan. Can kuma harsashi ya karya masa hannu. Ya yi wa kansa ɗori da gindin bindiga, ya ja jiki har wurin magani. A Oktoban 1945 Shugaba Truman ya rataya masa lambar jarumta mafi girma ta sojan Amurka.

Mu matasa mun saba auna jarumta da zafin kai da iya ramuwa. To, ku tuna, waɗanda Doss ya sauko da su 'yan rundunar da ta yi masa ba'a ne, kuma bai tsaya tantance wa ya taɓa zaginsa ba kafin ya ɗaura igiya.