Tarihin Dillalin Da Ke Zaɓar Mana Abin Kallo

Duk wanda ya san shagunan hayar littattafai da kaset na Kano zai tuna yadda mai shago yake sanin halin kowa. Idan ka dawo da littafin soyayya, kafin ka buɗe baki ya miƙo maka wani irinsa, don ya karanci abin da ranka ke so. To, wannan aikin ne yau wani dillali marar jini yake yi a cikin wayoyinmu. Sunansa algoridim, wato tsarin lissafi da kwamfuta ke bi mataki-mataki, kuma kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9.

Labarin ya ɗauki zafi ne a 2006, lokacin da kamfanin Netflix na Amurka, wanda a lokacin faifan DVD yake aika wa mutane ta gidan waya, ya sa gasar dala miliyan 1 ga duk wanda zai inganta hasashen da tsarinsa ke yi da kashi 10 cikin 100. Sai a 2009 wata ƙungiya ta cinye kuɗin. Abin mamaki, kamfanin bai yi amfani da cikakken tsarin da ya ci gasar ba, saboda wahalar ɗora shi ta fi ribarsa, kuma harkar ta riga ta karkata ga kallo ta intanet.

Shi kuwa YouTube, samari uku ne suka kafa shi a 2005, Chad Hurley da Steve Chen da Jawed Karim, Google ya saye shi a 2006 kan dala biliyan 1.65. A shekarun farko yawan dannawa ne babban ma'auni. Da masu ɗora bidiyo suka gano haka, sai suka koma yaudara: hoto mai ɗaukar ido da take mai tayar da hankali, ka danna ka tarar da holoƙo. Ganin haka, a 2012 kamfanin ya sauya ma'auni zuwa tsawon lokacin da mutum ya ɗauka yana kallo.

A 2016 injiniyoyin Google uku suka bayyana yadda abin yake aiki. Mataki biyu ne. Da farko tsarin yana tace miliyoyin bidiyo ya ware 'yan ɗaruruwa bisa abin da ka taɓa kallo da abin da masu hali irin naka suka kalla. Sannan ya jera su bisa wanda yake hasashen zai fi riƙe ka. A 2017 kamfanin ya sanar cewa ana kallon awa biliyan 1 a kullum, a 2018 kuma wani babban jami'insa, Neal Mohan, ya ce sama da kashi 70 cikin 100 na lokacin kallo daga shawarar tsarin yake fitowa.

Sai dai fa abin da ke riƙe ido ba lallai ne ya zama mai amfani ba. Gobara ma tana tara 'yan kallo. Wani tsohon injiniyan kamfanin, Bafaranshe mai suna Guillaume Chaslot, ya fito a 2018 yana zargin cewa tsarin yana fifita labaran ƙanzon kurege don sun fi jan hankali. A Janairun 2019 YouTube ya ce zai rage tallata irin bidiyon da ke da'awar maganin mu'ujiza ga manyan cututtuka, ko cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce.

Ana cikin haka TikTok na kamfanin ByteDance na ƙasar Sin ya haɗe da Musical.ly a 2018, ya zo da sabon salo: ba sai ka zaɓa ba, bidiyo ne ke zuwa da kansa, yatsanka kuma yana ba da rahoton inda ka tsaya da inda ka wuce. Dole YouTube ya biyo sahu da Shorts a 2020.

Ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu har wuya. Tun da kasuwar faifai ta mutu, finafinan Hausa da yawa suka koma YouTube, har littattafanmu a can ake karanta su da murya. Mai labari ya san dillali ba ya auna daɗin zance ko darasi, mintoci yake ƙirgawa. Shi ya sa ake jan labarin da bai wuce kashi 10 ba har ya kai 50, shi ya sa take ya cika da salati da ihu alhali babu wanda ya mutu.

Mai shagon haya yana jin kunyar ba yarinya littafin da bai dace da ita ba, don ya san ubanta. Wannan dillalin bai san uban kowa ba. Amma daga hannunmu yake koyo, don haka idan ka ga take na ƙarya ka wuce shi, idan kuma ka samu aiki mai kyau ka nemo shi da sunansa, ka kalle shi har ƙarshe. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.